Muhawara a kan Gothmog: wane ne shi, kuma da wace hujja za a rubuta?

Auta:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina neman a warware mini wani abu da ya ɗaure mini kai tun da safe. Kwana uku na yi ina haɗa wa kundin bayanan da muke yi wa aiki muƙala a kan Gothmog, wanda ya karɓi jagorancin rundunar Mordor, ƙasar azzalumin sarki Sauron, a yaƙin filin Pelennor cikin labarin The Lord of the Rings na J.R.R. Tolkien. Na rubuta a jimlar farko cewa kwamanda ne daga jinsin Orc, wato dodannin da ke yi wa Sauron yaƙi, mai kumburarriyar fuska da shanyayyen hannu, na kuma sa jinsin nasa a akwatin bayani. Da gari ya waye sai na tarar an goge kalmar Orc a wuraren biyu, an kuma liƙa alamar neman hujja a kan sauran sakin layin. Ba da fushi na zo ba, amma na ga wannan halitta da idona a fim, kuma duk shafukan masoya labarin da na leƙa hotonsa ɗaya suke sakawa. Idan akwai inda na kauce a nuna mini, don kada in maimaita a muƙalolin da suka rage mini.

Malama Mai Laburare:
Wa alaikumus salam, Auta. Ni ce na yi gyaran, kuma laifina ne da na tashi ban bar maka bayani a shafin tattaunawa ba, sai ka yi haƙuri. Hausarka ba ta da abin gyara. Matsalar ita ce abin da ka rubuta daga fim ɗin Peter Jackson na 2003 ya fito, sai ka jingina shi ga littafin Tolkien na 1955. Ka ɗauko littafin ka buɗe babi na 6 a littafi na 5, wato babin yaƙin Pelennor, ka karanta a tsanake daga inda Éowyn da Merry suka halaka Sarkin Matsafa, shugaban fatalwowin zoben nan tara da ake kira Nazgûl. Can gaba kaɗan marubucin ya ce sababbin dakaru suna kwararowa daga Osgiliath, waɗanda aka tara domin wasashe birnin Minas Tirith, fadar ƙasar Gondor, suna jiran umarnin shugabansu, to shugaban ya riga ya halaka, sai Gothmog, mataimakin Morgul, ya watsa su cikin fagen fama. Daga nan ya shiga lissafa irin mutanen da aka turo, ya wuce abinsa.

Iyakar abin da aka faɗa ke nan. A duk tsawon labarin sau ɗaya sunan ya fito. Ba a siffanta fuskarsa ba, ba a sa masa magana a baki ba, ba a faɗi jinsinsa ba, ba a ma gaya mana ko ya mutu a ranar ko ya tsere ba. Kumburin fuska da shanyayyen hannun aikin masu kwalliyar fim ne, kuma wanda ya sa kayan shi ne Lawrence Makoare, ɗan wasan ƙasar Niyu Zilan, wanda shi ne dai ya sa kayan Sarkin Matsafa a fim ɗin.

Auta:
Malama, na ɗauko nawa, wanda na saya a hannun masu gwanjon littattafai, bangonsa ma ya riga ya rabu da jikinsa na ɗaure shi da roba. Na sami jimlar, kuma gaskiyarki, babu komai bayan abin da kika faɗa. Sai dai kin ce littafi na 5, ni kuwa uku na sani. Sannan a manazartar da na sa na rubuta lambar shafin da na gani a wani dandali, yanzu da na buɗe wannan shafin a nawa littafin sai na tarar da wani babi dabam.

Baba Mai Jan Biro:
Auta, Allah Ya yi maka albarka da ka tashi ka duba da kanka, domin da yawa sai su tsaya musu ba su buɗe littafin ba. Abin da ya ruɗe ka ya ruɗe manya kafin kai. Tolkien ya raba labarinsa littafi shida ne, kowanne da lambobin babinsa da ke farawa daga 1, sai kamfanin George Allen & Unwin ya buga su a juzu'i uku, biyu-biyu a kowane juzu'i. Na farko da na biyu sun fito a 1954, na uku kuma, The Return of the King, a watan Oktoba na 1955, kuma shi ne ya ƙunshi littafi na 5 da na 6 da rataye-ratayen ƙarshe. Saboda haka idan ka rubuta “juzu'i na uku, babi na 6” ka bar mai karatu a mararraba, domin babi na 6 biyu ne a cikin wannan juzu'in.

Batun shafi kuwa ya fi wannan muni. Akwai bugu mai dunƙule ɗaya, akwai mai juzu'i uku, akwai na Ingila, akwai na Amurka, akwai wanda aka yi wa gyara a tsakiyar shekarun 1960, akwai kuma na cikar shekara 50 da ya fito a 2004, wanda Wayne Hammond da Christina Scull suka bi suka yi masa ɗaruruwan gyare-gyare. Jimlar da a juzu'i na uku na hannuna ba ta kai shafi na 200 ba, a mai dunƙule ɗaya sai ka wuce shafi na 800 kafin ka iske ta. Shi ya sa masu nazarin Tolkien suke ambaton lambar littafi da lambar babi da sunan babin, sa'an nan in za su ƙara shafi sai su faɗi bugun da shekararsa. Haka wasiƙunsa da Humphrey Carpenter ya tattara a 1981, da lambar wasiƙa ake kiran su. Mu da muka zauna gaban malaman zaure ba baƙon abu ba ne a wurinmu, malami yakan ce “duba babin kaza, fasalin kaza”, don ya san bugun Misira da na Bairut ba shafinsu ɗaya ba. Lambar shafin da ka kwaso daga dandali ba tare da sanin bugun ba kuwa, cire ta kawai.

Ɗan Damagaram:
Ina gaishe da Baba da Malama. Abin da Baba ya faɗa ya fi shafar mu da muke wannan ɓangaren iyaka, domin ni da Faransanci na fara karanta labarin, kuma fassara biyu ce a kasuwa, tsohuwar ta Francis Ledoux ta farkon shekarun 1970 da sabuwar ta Daniel Lauzon da ta fara fitowa a 2014, har sunayen wasu mutane da garuruwa sun saɓa a tsakaninsu. Lambar littafi da ta babi ne kawai suka haɗa mu.

Amma a kan ainihin maganar ina da ja. Na yarda a cire Orc, sai dai ban yarda a bar gurbin fayau ba, domin a ganina Gothmog ɗaya ne daga cikin Nazgûl, kuma nassin da kansa yana nuna hakan ga mai lura. Minas Morgul birnin Nazgûl ne tun da suka ƙwace shi daga hannun Gondor. Rundunar da ta zo Pelennor ta haɗa Orc da Troll da mutanen gabas da mutanen Harad masu giwaye, kuma a ko'ina cikin labarin Tolkien yana nuna mana Orc a matsayin masu faɗa da junansu, waɗanda ba sa iya riƙe ko hasumiya ɗaya ba tare da sun karkashe kansu ba, kamar yadda mutanen Shagrat da na Gorbag suka yi a Cirith Ungol. Wane sarkin Harad ne zai karɓi umarni daga irin wannan? Idan shugaban tara ya faɗi, hankali ya fi karɓar cewa ɗaya daga cikin takwas ɗin da suka rage ne zai gaje shi. Kuma ba ni kaɗai na ga haka ba, Robert Foster ya faɗe shi a The Complete Guide to Middle-earth, littafin da aka daɗe ana dogaro da shi. Ga majiya ta biyu, bugaggiya, ba dandalin masoya ba. Ina ganin ta isa a rubuta Nazgûl a akwatin bayani.

Malama Mai Laburare:
Ɗan'uwa, hujjarka ta fi ta fim nauyi, kuma littafin Foster yana kan kantar da ke bayana yanzu haka, na sauko da shi. Abin da ya ce shi ne mai yiwuwa Gothmog Nazgûl ne. Wannan “mai yiwuwa” ita ce ginshiƙin jimlar tasa, idan muka cire ta muka rubuta Nazgûl tsagwaronsa a akwatin bayani, mun sa wa Foster maganar da bai yi ba, ballantana Tolkien. Akwatin bayani ba shi da wurin “wataƙila”, mai karatu da ya leƙa da wayarsa ya ga kalma ɗaya sai ya ɗauke ta a matsayin tabbas ya wuce.

Sannan a lura da shekaru. Wannan bugun na Foster na 1978 ne. A 1980 Christopher Tolkien ya fitar da Unfinished Tales daga takardun mahaifinsa, kuma a cikin sashen farautar zobe an ambaci sunan na biyu a cikin Nazgûl, wato Khamûl, aka ce yana zaune a Dol Guldur a matsayin wakilin Sauron. Duk wanda ya gina hasashensa a kan cewa Gothmog ne na biyu a cikin tara, wannan bayani ya rage masa ƙarfi. Abu na ƙarshe, ka ƙara babi huɗu gaba, babi na 10 a littafi na 5, inda Bakin Sauron, wato kakakinsa, ya fito daga Baƙar Ƙofa. Shi ma da wannan kalmar ta mataimaki aka kira shi, mataimakin hasumiyar Barad-dûr, kuma a nan Tolkien ya tsaya ya faɗa ƙarara cewa wannan ba fatalwar zobe ba ne, mutum ne rayayye daga zuriyar Baƙaƙen Númenor. To idan mutum mai jini a jika zai iya riƙe wannan muƙami a fadar Sauron kanta, me zai hana wani irinsa ya riƙe shi a Morgul? Ban ce Gothmog mutum ne ba. Na ce ƙofa uku ce a buɗe, kuma marubucin bai rufe ko ɗaya ba.

Ɗan Damagaram:
Malama, maganar Khamûl takobi ce mai kaifi biyu. Idan yana Dol Guldur, ai kujerar mataimaki a Morgul tana buƙatar wani, kuma babu abin da ya hana wani Nazgûl ɗin ya hau ta. Ga kuma sunan kansa: Uglúk, Grishnákh, Shagrat, Gorbag, duk sunayen Orc da muka sani suna da wannan kaushin na harshensu, shi kuwa Gothmog tsohon suna ne daga harshen Sindarin na jinsin Elf. Na janye batun akwatin bayani, na ga gaskiyarki a nan. Amma ina neman a ba ni sakin layi ɗaya a cikin muƙalar in jera waɗannan dalilai, mai karatu ya yi wa kansa hukunci.

Baba Mai Jan Biro:
Ɗana, wannan sakin layin ne ba za mu iya ba ka ba, kuma ba don dalilan naka ba su da kyau ba. Ƙa'idar kundin da muke yi wa aiki ta hana binciken ƙashin kai, wato edita ya ɗauko aya daga nan, ya ɗauko wata daga can, ya haɗa su ya fitar da sakamakon da babu wata bugaggiyar majiya da ta fitar. Abin da za mu iya rubutawa shi ne “Foster ya ce mai yiwuwa Nazgûl ne”, da sunansa da shekarar littafinsa. Abin da ba za mu iya ba shi ne “tun da Orc ba sa jituwa, kuma tun da sunan Sindarin ne, to Nazgûl ne”, domin wannan fatawar Ɗan Damagaram ce, kuma ko da daidai ce, sai ta fara fitowa a mujallar nazari ko a littafi kafin ta shigo nan.

Hujjar sunan ma ba ta tsaya da ƙafarta ba. Morgul kalmar Sindarin ce, ma'anarta baƙin tsafi, Barad-dûr ma Sindarin ce, Mordor ma haka. Labarin an tsara shi ne kamar daga bakin mutanen yamma aka rubuto shi, da sunayen da su suke kiran abokan gabansu, don haka zuwan suna da harshen Elf bai gaya mana abin da mai sunan yake kiran kansa ba.

Bari in ba ku labarin abin da ya sa nake taurin kai a kan wannan. Shekarun baya, ina sabon shiga, na rubuta wata gajeriyar muƙala a kan wani ƙaramin tauraro na wani labarin dabam, na ɗauko shekarar haihuwarsa daga wani dandalin masoya ban bincika ba. Bayan wata shida wani ya nemi hujja, na shiga nema, na yi murna da na sami shafi biyu da suka faɗi shekarar. Da na duba ƙasan na farko sai na ga muƙalata ya ambata a matsayin majiyarsa, na biyun kuma daga na farkon ya kwafa. Dandalin da na fara ɗaukowa daga gare shi ya riga ya goge shekarar, don ba ta da tushe. Ashe ni kaɗai nake ta yi wa kaina shaida da bakuna uku. Auta, da ka ce duk shafukan da ka leƙa hoto ɗaya suke sakawa, wannan ranar na tuna. Shafi goma da suka sha daga rijiya ɗaya shaida ɗaya ce, kuma rijiyar a nan fim ne.

Mai Wasan Kwamfuta:
Ina neman afuwar manya, ni ba na cika magana a nan ba. A wasan intanet na The Lord of the Rings Online, wanda na daɗe ina bugawa, Gothmog shi ne Eärnur, sarkin Gondor na ƙarshe kafin Aragorn, wanda ya tafi Minas Morgul amsa ƙalubalen Sarkin Matsafa ba a sake ganinsa ba, sai aka juyar da shi ya zama bawansu. Wasan yana da lasisi, ba na sata ba ne. Shin wannan ba ya cikin hujja? Na kuma ga wasu suna cewa shi ne Gothmog shugaban Balrog, ifiritan wuta na littafin Tolkien The Silmarillion, ya dawo.

Malama Mai Laburare:
Ƙanena, ka kyauta da ka kawo wannan, domin tambayoyi biyu ne kuma kowacce da amsarta. Lasisi izinin kasuwanci ne, yana ba kamfani damar amfani da sunaye da wurare, amma ba ya mayar da abin da marubutan wasan suka ƙirƙira ya zama maganar Tolkien, wanda ya rasu tun 1973. Abin da rataye na farko na littafin ya faɗa game da Eärnur shi ne ya hau doki da 'yan rakiya kaɗan zuwa ƙofar Minas Morgul, ba a ƙara jin labarinsu ba, kuma lissafin shekarun ya sa wannan a 2050 na Zamani na Uku, kusan shekara 1,000 kafin yaƙin Pelennor na 3019. Masu wasan sun ga rami biyu a labarin, sarkin da ya ɓace da kwamandan da ba a san asalinsa ba, sai suka cike ɗaya da ɗaya. Dabara ce mai kyau, kuma tana da wuri a muƙalar, a ƙarƙashin sashen yadda fina-finai da wasanni suka nuna shi, kusa da Orc na Jackson. Kasancewar fim ya ce Orc, wasa ya ce sarkin mutane, Foster ya ce wataƙila Nazgûl, shi kansa ya isa ya nuna wa mai karatu cewa asalin nassin shiru ya yi.

Batun Balrog kuwa takwara ne kawai. Gothmog na farko, shugaban ifiritan wutar nan kuma babban kwamandan Angband, sansanin Morgoth ubangidan Sauron na dā, shi ne ya kashe Fingon, kuma ya mutu a faɗuwar birnin Gondolin a hannun Ecthelion, wanda shi ma a nan ya mutu. Tsakanin wannan da Pelennor akwai sama da shekara 6,000 a lissafin labarin. Maimaita suna kuwa al'ada ce a duniyar Tolkien kamar yadda take a gidajenmu, inda za ka tarar da mai sunan Malam uku a zuriya ɗaya. Mahaifin Denethor sunansa Ecthelion, ba wanda ya ce shi ne jarumin Gondolin. A ɓangaren Mordor ma, ƙaton gungumen da aka fasa ƙofar Minas Tirith da shi an sa masa suna Grond, kuma babi na 4 a littafi na 5 ya faɗa a fili cewa don tunawa da “gudumar ƙarƙashin ƙasa” ta dā aka sa masa, wato gudumar Morgoth.

Na san wani zai ce to Glorfindel fa, wanda ya mutu a Gondolin yana faɗa da Balrog, sai ga shi a kan hanyar Rivendell yana ceton Frodo? Wannan misalin a wurinmu yake. An yi shekaru masu karatu suna gardama ko mutum ɗaya ne ko biyu, kuma abin da ya kashe gardamar shi ne rubutun da Tolkien ya yi a ƙarshen rayuwarsa, wanda aka buga a The Peoples of Middle-earth a 1996, inda ya yanke cewa shi ne dai aka mayar da shi duniya. Da takarda aka rufe maganar. Kuma ko takardun bayan rasuwa sai an bi su da lura, a faɗi wanda ya tace su da shekarar da suka fito, domin The Silmarillion na 1977 ya ce Gil-galad ɗan Fingon ne, daga baya Christopher Tolkien da kansa ya bayyana cewa matsayar mahaifinsa ta ƙarshe ita ce ɗan Orodreth ne.

Auta:
Na gamsu, na kuma gode. Saura abu ɗaya da ya tsaya mini a fassara. Kalmar da aka kira shi da ita a Turanci ita ce wadda sojojinmu suke cewa laftanar, kuma da haka na fara rubutawa. Wani abokina ya ce in sa Madaki ko Waziri don ya fi daɗin karatu.

Baba Mai Jan Biro:
Kada ka sa ko ɗaya daga cikin ukun. Bahaushe idan ya ji laftanar ƙaramin hafsa yake gani, yaro mai anini a kafaɗa wanda bai daɗe da fitowa daga makarantar soja ba, alhali a nan tsohuwar ma'anar kalmar ake nufi, wato wanda yake tsayawa a madadin shugaba. Madaki da Waziri kuwa sarautu ne masu tarihinsu da hurumin aikinsu a fadojinmu, idan ka ɗora wa Gothmog ɗaya ka ba shi rawanin da marubucin bai naɗa masa ba, kuma ka koma laifin da muka fara da shi ta wata ƙofar. Ka bar shi a mataimaki. Ka kuma bar Morgul yadda yake, kada ka faɗaɗa shi ya zama “mataimakin sarkin Minas Morgul”, domin nassin Morgul kawai ya ce.

Ɗan Damagaram:
Kafin a rufe, akwai abin da ke cikin wannan jimlar da ban ji wanda ya taɓa ba, kuma ni ya fi Gothmog damuna. A jerin dakarun da ya tura, bayan mutanen gabas masu gatura da Variag na Khand da mutanen kudu masu jajayen kaya, an ambaci baƙaƙen mutane daga Harad mai nisa, aka kamanta su da rabin Troll, masu fararen idanu da jajayen harsuna. Ni baƙin mutum ne ina karanta wannan, ba zan yi kamar ban gani ba. Shin muƙalar za ta tsallake shi?

Malama Mai Laburare:
Ba za a ɓoye shi ba, ɗan'uwa, ni ma na tsaya a kan wannan layin ranar da na fara karanta shi. Idan muka kawo jerin dakarun, mu kawo shi cikakke yadda yake, ba tare da mun tausasa lafazin ba. Amma sharhi a kansa ba a muƙalar Gothmog ya dace ba, wurinsa muƙalar mutanen Harad ko ta batun launin fata a rubutun Tolkien, kuma a can ma da bakin masana za mu yi magana, irin su Dimitra Fimi da ta yi littafi sukutum a kan jinsi da tarihin al'adu a aikinsa. Idan za ka ɗauki nauyin wannan muƙalar, zan turo maka abin da muke da shi a laburare.

Ga lafazin da nake ba da shawara a buɗe ta Gothmog da shi: “Gothmog, wanda aka kira mataimakin Morgul, shi ne ya tura ragowar rundunar Mordor cikin yaƙin filin Pelennor bayan halakar Sarkin Matsafa. An ambace shi sau ɗaya a The Lord of the Rings, a littafi na 5, babi na 6, kuma Tolkien bai faɗi jinsinsa ko ƙarshensa a wurin ba.” Sai jimlar Foster da “mai yiwuwa” ɗinta, sai sashen fim da wasa, sai layi ɗaya a sama da zai tura mai neman shugaban Balrog zuwa tasa muƙalar. A akwatin bayani a cire gurbin jinsi gaba ɗaya.

Baba Mai Jan Biro:
Lafazin ya yi, ban ga abin sa jan biro ba. Sai dai zan tayar da wata ƙurar, Auta ya yi haƙuri da ni. Tauraron da duk abin da aka sani game da shi jimla ɗaya ce, anya ya cancanci muƙala tasa shi kaɗai? Ƙa'idar cancanta tana neman majiyoyi masu zaman kansu da suka yi magana a kansa da faɗi, ba ambato a wucewa ba, kuma layi uku na Foster ba faɗi ba ne. Ni a ganina a mayar da shi sashe a cikin muƙalar yaƙin Pelennor, sunan nasa ya riƙa kai mai nema can.

Ɗan Damagaram:
A nan ban bi Baba ba. Muƙalar yaƙin Pelennor ba ta wanzu da Hausa ba tukuna, to ina za a zuba shi? A bar ta Auta ta tsaya har a rubuta waccan, sa'an nan a sake zama.

Auta:
Na yi gyaran da lafazin Malama, na cire gurbin jinsi, na sauko da hoton fim daga saman muƙalar zuwa sashen fim, na rubuta a ƙarƙashinsa cewa siffar fim ɗin 2003 ce. Manazartar yanzu tana ɗauke da littafi na 5, babi na 6, da sunan babin. Shafin da ke ɗauke da shekarar bugun nawa littafin yana cikin waɗanda suka ɓace tare da bangon, don haka ban sa lambar shafi ba. Malama, idan kin koma aiki gobe ki duba mana shafin a bugun 2004, da kuma shafin Foster, sai in ƙara su. Muƙalar yaƙin Pelennor kuma ni zan fara ta a ƙarshen mako, in Allah Ya yarda, amma sai na sake karanta babi na 4 zuwa na 6 tukuna, don yanzu na daina amincewa da abin da nake tunawa, ban san wanne ne na littafi wanne ne na fim ba.